Yadda Muka Samu Kakanni a Murzuk

A shekarar da aka shimfiɗo gudro, wato kwalta, har bakin Tayuri aka tsaya, ba a shigo da shi cikin unguwa ba, a shekarar ce kowane gida ya gano yana da tarihi. Kafin nan mutanen unguwarmu leburori ne da direbobi da masu ban ruwa a gonakin Larabawa. Kowa ya san garin da kowa ya fito, har motar da ta kawo shi an sani. Sai labari ya bazu cewa gwamnati tana karɓar jikokin mutanen ƙasar da suka gudu kudu a zamanin Italiyawa, tana ba su jinsiyya, wato takardar zama ɗan ƙasa. A wannan lokaci na kuɗin fetur, mai jinsiyya ana ba shi gida a sababbin benaye, ƴaƴansa su yi karatu har inda kansu ya tsaya, shurta, wato ƴan sanda, kuma ba sa tare shi a hanya su ce ya hau bayan mota. Cikin wata biyu, mutanen da iyayensu ke noman hatsi a Tanut da Magarya suka wayi gari jikokin mutanen Murzuk.

Akwai lajna, kwamitin da ke tantance masu neman takardar, kuma ba a zuwa gabanta da baki kawai. Mutane sun lura cewa wanda ya je da ɗan littafin tarihin gidansu, bugagge, da bango da hoto, ana nuna masa kujera ya zauna. Wanda ya je hannu sake a tsaye yake bayani. Daga nan kasuwar wani mutumin Sudan ta buɗe. Shagon ɗaukar hoto gare shi kusa da tashar manyan motoci, a bayan labule kuma yana da keken rubutu da injin buga takarda mai juyawa da hannu. Kaka iri uku yake da su, kamar mai sayar da yadi: akwai madugun ayari, akwai malami, akwai wanda ya yaƙi Italiyawa har harsashinsa ya ƙare. Ka zaɓa, ya cika sunaye, bayan kwana huɗu ka zo ka ɗauki asalinka da ɗuminsa. Duk kakan da ka zaɓa, a kan farin raƙumi ya bar Murzuk. Hoton wani tsoho mai rawani ma ɗaya ne a littattafan gida shida da na gani da idona, har na fara jin kamar in gaishe shi.

Ni a lokacin na gama sakandare a nan Sabha, sakamakona ya yi kyau, ina son shiga makarantar horon malamai. Sun ce ba sa rubuta sunan wanda ba shi da takarda. Ko dai a samu jinsiyya kafin a rufe ɗaukar ɗalibai, ko in zauna a gida, ko in koma Damagaram da na bari tun ina shekara tara. Baba yana son gidan bene, kowa ya sani, amma a bakinsa duk don ni ake yi.

Baba direban kamyo ne, babbar motar kaya, yana kai kaya Agadas ya dawo. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana. Ran da ya dawo daga shagon mutumin Sudan, ya zauna a tabarma ya cire takalmi ya ce, "Uwata, ni ba zan sayi kakan kanti ba. Ina da ƴa mai ilimi. Ke za ki rubuta mana namu da Larabcinki, shi iyakarsa ya buga."

Na ce, "Baba, me zan rubuta?"

Ya ce, "Gaskiya mana. Zan faɗa miki ita."

Gaskiyar ta ɗauke mu sati uku, don kullum tana ƙaruwa. Ya rasa wanda zai bari a cikin iri ukun nan, sai ya haɗa su a jikin mutum ɗaya: kakan kakanmu madugu ne, malami ne, ya kuma yi yaƙi. Na ce masa zamanin ba zai haɗu ba, wanda ya yaƙi Italiyawa ba zai zama kaka na takwas ba. Ya ce mutanen dā suna da tsawon rai. Da na matsa, ya yarda aka raba aikin tsakanin kakanni uku, amma ya yi kwana biyu yana jin na rage wa gidanmu daraja. A ƙarshe muka tsaya a kan salsala mai suna goma sha ɗaya. Takwas na sama ni da Baba muka yi su a tsakar gida, yana shan shayi ina riƙe da biro. Uku na ƙasa na gaskiya ne: kakan Baba, da mahaifinsa, da shi kansa.

Madugun ya fito mini kamar itace, ba rai a jikinsa, sai na ɗan ara masa halayen kakana na gaskiya, waɗanda nake ji a bakin Kaka, matarsa. Kakana majemi ne a Damagaram. Hannayensa sun rine da ruwan bagaruwa har ya mutu, kuma ba ya sayen komai sai ya sansana shi, ko da allura ce. Na ba madugun baƙaƙen hannaye, na ce igiyar raƙumi ce ta mayar da su haka. Na bar masa sansanar kaya yadda take. Baba ya ji wurin, ya ce, "Wannan kam kamar na san shi."

Da muka je ɗaukar littafin, guda hamsin, koren bango, sai na ga a ƙarƙashin take an buga sunana cikakke, da cewa ni na tattara na rubuta. Baba ne ya sa. Ya riƙa ɗaga littafin yana nuna wa mutanen da suka zo ɗaukar hoto. Na juya bango gaba da baya, ban ga sunan shagon ba, na tambayi mai shi.

Yana ɗaure littattafan da igiya, bai ɗago ba, ya ce, "Ya binti, idan lajna ta kama ƙarya, mai rubutu take nema. Ni inji nake juyawa kawai."

Baba ya yi dariya. Ni ban yi ba. A unguwa ana maganar wani da aka kama da asalin ƙarya, aka loda shi da iyalinsa a mota zuwa iyaka. Wanda ya rubuta masa takardun kuwa ba a loda shi ba, ba a kuma ƙara ganinsa a kasuwa ba. Tun daga ranar abinci ya daina yi mini daɗi.

Lajna ta sa mana rana, ta ce a zo da wanda ya fi kowa tsufa a gidan ya ba da shaida. Wannan kuwa Kaka ce, mahaifiyar Baba. Ta zo Sabha a yi mata aikin ido, aka yi, ta duba ta ga ruwan famfo da burodi mai arha, ta ce ba ta gama warkewa ba. Baba ɗanta ne na fari. Tunda nake ban taɓa jin ta kira sunansa ba, ban taɓa ganin ta dube shi ido da ido ba. Mai mota take ce masa, shi ma sai ta kan wani. Idan tana son sabulu, yana zaune kusa da ita za ta ce mini, "Ke, a gaya wa mai mota sabulu ya ƙare." Shi ma ta kaina yake ba ta amsa. Don haka bai zauna da ita a kan maganar lajna ba. Ya ce in karanta mata salsalar ta haddace.

Kaka tana da kai. Kwana biyu ta haddace takwas na sama, tana rera su tana tsince shinkafa, har da jan murya irin ta masu karatun allo. Da na tambaye ta ko ba ta damu da faɗar su ba, ta ce, "Su wa na sani a cikinsu? Ba ku kuka yi abinku ba?" Amma da an zo kan na tara, surukinta, sai ta yi gyaran murya. Na goma, mijinta, ta ce "shi wancan". Na sha ɗaya ta nuna ƙofa da haɓa.

Na ce, "Kaka, a gaban hukuma fa sai kin faɗa."

Ta ce, "Na ji."

Na kai wa Baba cewa ta ce ta ji. Ya ce madalla. Mu duka biyu mun san abin da "na ji" ɗin Kaka yake nufi, amma kowa ya bar wa ɗan'uwansa ya fara faɗa, har ranar ta zo.

Da hantsi muka shiga. Ɗaki ne mai na'urar sanyi, sanyin har cikin haƙori. Baba ya ajiye littafin a tebur da hannu biyu, aka nuna mana kujeru, ya dube ni don in ga amfanin littafi. Mutum uku ne a bayan tebur. Shugaban saurayi ne mai tabarau, an ce a waje ya yi karatu. Akwai magatakarda. A ƙarshen tebur kuma wani dattijo baƙi-baƙi, lulluɓe da farin mayafin ulu irin na Larabawan nan, yana wakiltar manyan gari. Idonsa a rufe, casbi a hannu, na ɗauka barci yake. Kaka ba ta jin Larabci sai na salla, aka ce ni zan yi tafinta.

Abin da ba mu sani ba, an taɓa cutar shugaban. Akwai wata tsohuwa a Tayuri da ake haya, ta haifi iyali huɗu cikin wata ɗaya a gaban wannan teburin kafin magatakarda ya gane ta. Tun daga nan ya daina tambayar salsala daga sama. Daga ƙasa yake farawa.

Ya nuna Baba da biro ya ce, "Tambaye ta, wannan ɗanta ne?"

Na tambaya. Kaka ta ja mayafi ta ce, "Haka ake cewa."

Na ce masa ta ce e.

"Mene ne sunansa?"

Kaka ta dubi bango ta ce, "Ga shi nan zaune, ya tambaye shi mana. Kurma ne?"

Wannan na fassara shi yadda yake, don ban riga na san abin da zan yi ba. Shugaban ya ajiye biro. Magatakarda ya ɗago ya ƙura wa Kaka ido, irin kallon mai neman inda ya taɓa ganin fuska.

Baba ya sunkuyo ya ce, "Inna, don girman Allah."

Ta juya masa baya a kan kujerar ta ce mini, "Ke, a ce wa mai mota ya yi mini shiru a gaban mutane."

Shugaban ya ce, "Uwar da ba ta san sunan ɗanta ba. To, mijinta fa? Ko shi ma ta manta?"

Na faɗa mata da Hausa, na ƙara da nawa, murya ƙasa-ƙasa: "Kaka, ki rufa mana asiri, sau ɗaya kawai. Ni za a kama."

Ta ce, "La'ilaha illallahu! Shekara arba'in ina gidansa bakina bai taɓa kama sunan nan ba, sai yau da yake kwance a ƙasa zan faɗa wa wannan ɗan yaro mai gilashi? Ki tambaye shi, uwarsa haka take kiran ubansa gatsal kamar mai kiran akuya? In ya ga dama ya ba da takardar, in ya ga dama ya jiƙa ya sha."

Duk suna kallona. Na buɗe baki, na faɗi sunan kakana da na mahaifinsa da na Baba, a jere, da Larabci, kamar yanzu na ɗauko su daga bakinta.

Shugaban ya ce, "Duk wannan doguwar magana suna uku ne?"

Na ce, "Ta fara yi musu addu'a ne."

Ya ɗauki biro. Na ga bakin biron ya taɓa takarda. Sai daga ƙarshen tebur wata murya ta ce, da Hausa, a hankali:

"Yarinya, ba haka ta ce ba."

Dattijon ne. Bai ma buɗe ido ba.

Na riƙe gefen kujera. Ban san dalili ba, abin da ya zo mini a rai shi ne ban kwashe shanyar da na yi da safe ba. Baba kuwa ya zama kamar an dasa shi.

Kaka ce kaɗai ta ji daɗi. Ta juyo da kujerarta gaba ɗaya ta ce, "A'a! Ashe da mutum a ɗakin! Sannu Alhaji, ina kwana, ina gajiya?"

Ya buɗe ido ya amsa gaisuwar har ƙarshenta, bai tsallake ko ɗaya ba. Hausarsa irin ta tsofaffi ce, da nauyin harshen Larabawa a kanta. Ya ce, "Iya, maigidan naki, Allah ya jiƙansa, me yake yi?"

"Jima. Duk Damagaram ba wanda ya kai shi jan fata. In ya shigo gida, kaji ma fita suke don wari."

"Ya taɓa zuwa Murzuk?"

"Fatunsa dai sun je, Larabawa ke saye. Shi Tanut ya taɓa zuwa sau ɗaya, ruwansu ya ɓata masa ciki, ya rantse ba ya ƙarawa."

"Su waɗannan takwas ɗin fa na littafi?"

"Na yarinyar nan ne da mai mota. In kana so in rera maka, na iya su."

Ya ce a'a, ta huta. Ni dai ina zaune ina jin ana kwance mu ɗaya bayan ɗaya, cikin fara'a, kamar hirar gidan suna.

Shugaban ya gaji ya ce, "Ya Hajj, me take cewa?"

Dattijon ya koma Larabci. Ya ce, "Na yi mata tambayoyina. Uwarsa ce, babu shakka. Matan kudu ba sa faɗar sunan miji da na ɗan fari, kunya ce a wurinsu. Ta haya ita ce za ta faɗa maka da gudu tun ba ka rufe baki ba."

"Maganar Murzuk fa?"

"Wannan tana son nazari. A bar mini dosiyen."

Aka tura masa dosiyenmu, jakar takardunmu duka da littafin a ciki. Ya ɗora casbinsa a kai. Da muka miƙe, ya ce mini da Hausa, ba tare da ya dube ni ba, in zo shagonsa a Sukra ranar Alhamis bayan la'asar, in zo da tsohuwa.

A hanyar gida ba wanda ya yi magana sai Kaka, tana yaba tarbiyyar Alhaji. Kwana ukun da suka rage kafin Alhamis ban fita ko ƙofar gida ba. Na haɗa kayana a ɗan akwati na tura ƙarƙashin gado. Na yi ta shirya abin da zan ce, cewa ni kaɗai na ƙirƙira, Baba bai iya karatu ba. Baba kuma, na ji daga baya, yana ta shirya cewa shi ya tilasta ni.

Shagon na dabino da ganyen shayi ne, na sari. Dattijon ya sa aka shimfiɗa wa Kaka darduma, aka kawo shayi mai kumfa da gyaɗa a ciki. Sannan ya nuna mini wani kanta a bayansa. Littattafan asalin mutanen Tayuri ne a jere, sun fi talatin, kore da shuɗi.

Ya ce, "Duk na karanta farkonsu. Raƙumi ɗaya ne a ciki, farin nan. Ya sha wahala, bawan Allah, gida talatin ya kwashe daga Murzuk." Ya zaro namu. "Naki kaɗai na karanta har ƙarshe. Mutumin nan mai sansana kaya, na ce wannan an taɓa yin sa a duniya. Ƙarya ce, amma da mutum a ciki."

Na fara jawabin da na shirya. Ya ɗaga hannu.

"Ba don wannan na kira ki ba. Ni ma littafi nake so."

Na ɗauka ban ji daidai ba. Ya yi bayani. Gidansu tun kakanni a nan yankin Fezzan suke, ba mai tambayarsu takarda. Amma yanzu zamani ya canja. Babban ɗansa yana neman kujera a Tarabulus, ƴarsa kuma za ta shiga wani gida da ake ƙirga kakanni kafin a ba baƙo ruwa. Kowa yana buga tarihin gidansu, har waɗanda shi ya san kakansu da jaki ɗaya ya shigo garin. Yana son nasu ya taso daga Hijaz. Yana kuma son babi guda, cikakke, a kan yadda ranar sahara da tafiyar ayari suka ƙona fatar mutanen gidansu, shekara bayan shekara, har ta yi duhu.

Kaka ta kurɓi shayi ta ce, "Alhaji, ita ranar ce ta koya maka Hausa?"

Na ji kamar in nutse. Shi kuwa ya yi dariya har da tari. Ya ce a'a, kakarsa ce, mahaifiyar babansa. Tana ƙarama aka zo da ita daga kudu a cikin ayari, ba da son ranta ba. Ba ta tuna sunan garinsu, sai dai akwai marina da wata babbar tsamiya a bakin kasuwa. Ita ta goya shi. Har ta mutu ba ta taɓa faɗar sunan kakansa ba, shi kuma da aka sa masa sunan, maigidana take ce masa. Ya ce ran da ya ji Kaka tana wanke shugaban lajna, sai da ya rufe ido sosai don kada a ga abin da ke cikinsu.

Na ɗauko biro. Ya ce, "Kada ki rubuta wannan."

Na ce, "Ko layi ɗaya, ya Hajj?"

"Ko ɗigo." Sannan ya buɗe aljihun tebur, ya nuna mini bakin dosiyenmu, ya mayar ya rufe. "Yana nan lafiya. Nazari ba ya son gaggawa. Ki gama nawa, in gama naku."

Haka muka yi Alhamis bakwai. Minti goma na farko nawa ne: ya faɗa mini sabon kakan da ya tuno a cikin satin, da irin karamcinsa, in rubuta. Sauran lokacin har kiran magariba na Kaka ne. Su zauna su yi ta yi, yana tambayarta sunayen abubuwan da ya manta, yadda ake dama fura, me ake ce wa abin da ake kaɗa miya da shi. Ta ce maburgi, ya yi ta maimaitawa yana murna kamar an ba shi kyauta. Kowace hira da kakarsa take ƙarewa, kowace kuma sai ya waiwayo ya ce kada in rubuta. Na lura kakannin Hijaz ba sa ƙarewa ne don kada Alhamis ta ƙare. Ni kuwa kwanakin ɗaukar ɗalibai suna tafiya.

A ta bakwai na zo da littafin a kammale, na sa masa addu'ar rufewa da babban rubutu yadda ba inda za a ƙara kowa. Babin rana ya yi shafi tara. Ya karanta shi a gabana, yana gyaɗa kai, ya ce ko shi ya fara yarda. Wannan karon na roƙe shi kada a sa sunana, ya ce dama bai yi niyya ba, sunan ɗansa za a sa.

Na ce, "Ya Hajj, saura kwana biyar a rufe ɗaukar ɗalibai."

Ya buɗe aljihun tebur ya miƙo mini takarda guda mai hatimi. Takardar ta ce maganar asalinmu tana gaban hukuma, a bar ni in yi karatu shekara ɗaya kafin a yanke. Na leƙa aljihun, babu komai a ciki.

"Dosiyen fa?"

"Ya tafi Tarabulus tun sati uku. Can ake yankewa, ni iyakata ke nan."

"Da littafin a ciki?"

"Shi ne ma abin kirki a ciki. Har na rubuta a kai cewa a lura da wadda ta rubuta shi, tana da basira."

Da zuciya ɗaya ya faɗa, yana jiran in yi godiya. Na yi. Kaka ta ce Allah ya saka masa da alheri, ta tambaya ko Alhamis mai zuwa za mu zo, ya ce ƙofa a buɗe take.

Na fara makaranta da takardar shekara ɗaya. Baba ya ce ai ya faɗa, littafi ba ya faɗuwa ƙasa banza, yana ta tambayar direbobin Tamanhint ko benayen da ake ginawa ta can suna da wurin ajiye kamyo. Ni kuwa na san akwai wani tebur a Tarabulus da sunana yake kai, a ƙarƙashin kakanni takwas da ba a taɓa haifa ba, da shaidar dattijon gari cewa a lura da ni.

Wata ranar Asabar, muna tsakiyar darasi, aka leƙo aka kira sunana, ana nemana a ofishin shugabar makaranta. Sai da ta kusa da ni ta taɓa ni sannan na iya tashi. Barandar nan ba ta da tsawo, amma na tsaya sau biyu. Da na shiga, ba shurta, ita kaɗai ce. Takardata ta shekara ɗaya tana gabanta a kan tebur, ta dafa ta da hannu. Ta ce in rufe ƙofa. Ta rage murya ta ce wani dattijo a Sukra ya ba mijinta labarina, su kuma mutanen gidan mijin nata, a iya saninsu, daga Andalus suka taso, sai dai ba a taɓa rubutawa ba.

Na tambaye ta kaka nawa suke so.